Ɗan Gwal Ya Koma Rumfar Albasa

A Agege, idan ka tsallake titin jirgi ka bi layin masu burodi, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa. Shagon Jamaluddeen ne, wanda muke kira Jamalu. Haifaffen unguwar ne, fataucin goro ne ya kawo kakansa Ikko tun zamanin Turawa. Sana'arsa gyaran waya, amma abin da ya fito da sunansa shi ne tara gem ɗin hannu, irin ƙananan nan da ake riƙewa da hannu biyu ana latsawa da manyan yatsu. Mutumin kirki ne, ba ya rigima, jam'i ba ya wuce shi. Aibinsa ɗaya ne tak: kyautar baki. Duk abin da ka yaba nasa, kafin ka rufe baki zai ce maka, "Ɗauka mana, ai naka ne." Alhali ko ƙurar da ke jikin abin ba zai iya ba ka ba.

Kowa ya san yadda ake yi a wurinmu. Idan ka yaba hular mutum ya ce taka ce, sai ka ce a'a, na gode, Allah ya ƙara buɗi, magana ta wuce. To a kan wannan Jamalu ya gina suna. Zai ba ka agogonsa da baki, ka ƙi karɓa, da yamma kuma ka ji shi a majalisa yana cewa, "Ni fa abin duniya bai dame ni ba. Ɗazu ma sai da na ba wane agogona, shi ne ya ƙi."

Ni sunana Sa'idu, tela ne, shagona yana kallon nasa. Ni ɗan kawunsa ne, wato taubasai muke, tsokanarsa halak ce a wurina tun muna yara. Amma kafin in kai ga abin da ya faru, bari in ba shi haƙƙinsa, don mutumin nan ya iya.

Gem arba'in da bakwai gare shi. Ya jera su a cikin kabet ɗin gilashin marigayiya mahaifiyarsa, inda da take jera tangaran. Akwai masu murfi da ake buɗewa kamar littafi, akwai masu faɗi, akwai waɗanda sun girmi aurena. Kuma ba tarawa kawai yake yi ba, sabunta su yake yi. Tsofaffin nan sikirin ɗinsu ba shi da haske, sai ka nemi rana ko ka raɓe jikin fitila kafin ka ga abin da kake bugawa. Jamalu zai kwance shi, ya sa masa sikirin mai haske. Zai cire batiran rediyo ya sa na caji, wanda za ka jona da wayar cajin waya. Wanda muryarsa ta dishe ya canza masa sifika. Wanda jikinsa ya yi ja don tsufa ya shafa masa wani ruwa, ya shanya a kan kwanon shago, ya dawo fari fat. Na ga masu shaguna daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, Yarbawa da Inyamurai, sun shigo keke mai ƙafa uku har layinmu suna tambaya, "Abeg, ina shagon Oga Jamal?" Wallahi duk ranar da na ji haka sai in ji kaina ya ƙara girma. Mu da ake cewa nama da goro kaɗai muka sani, ga shi ana bin layi wurin ɗanmu.

A cikin arba'in da bakwai ɗin akwai sarkinsu. Ruwan gwal ne, fitowa ta musamman. Jamalu ya ce kamfanin guda dubu kacal ya yi don wani bikinsa, kowanne da lambarsa a baya. Nasa shi ne na ɗari huɗu da goma sha biyu. A cikin dilar jakunkunan makaranta na gwanjo aka tsince shi a kasuwar Katangowa, mai dilar ya kira shi a waya. Ranar Jamalu da silifa ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na matarsa ya fita. Wata bakwai ya yi yana aikinsa, don ya rantse ba zai yanke ko ya huda ko'ina a jikinsa ba. Ya sa masa haske, ya sa masa caji, tsohon sikirin kuma ya naɗe shi a auduga ya ajiye a gwangwani, yadda duk ranar da aka so za a iya mayar da shi kamar yadda ya fito. Muka sa masa suna Ɗan Gwal.

Babu mai taɓa Ɗan Gwal. Shi kansa Jamalu da hankici yake ɗaukarsa. Amma na ji shi da kunnena ya kyautar da shi ya fi sau talatin.

Ana nan sai wasu matasa masu son tsofaffin gem suka shirya taro a wani zaure a Ikeja, ranar wata Asabar, kowa ya kawo nasa a baje a gani. Suka zo har shago suka gayyaci Jamalu, suka ɗauki hoton Ɗan Gwal suka sa a jikin takardar gayyata, a ƙasa aka rubuta Agege da manyan baƙaƙe. Unguwa ta ɗauka. Mai shayi ya manna takardar a jikin teburinsa. Ni na ɗinka masa sabuwar shadda kyauta, kuma tawa kyautar ta gaske ce.

Ranar Laraba bayan la'asar, saura kwana uku, Jamalu ya fito da Ɗan Gwal ya ɗora a kan wani ƙyallen karan-miski yana goge shi. Mu biyar ne a bencin ƙofar shago, har da na'ibin masallacinmu. Sai ga keke ta tsaya, surukinsa ya sauko. Alhaji Balarabe ke nan, mahaifin matarsa Badiyya, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Mutumin Aliero ne, shekararsa arba'in a Ikko amma harshensa bai bar gida ba. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya kawo wa 'yarsa kayan miya.

Jamalu ya fito da sauri ya durƙusa, kai a ƙasa, aka gaisa. Alhaji ya leƙa shago.

"Mi ne ne wanga mai walƙiya?"

Jamalu yana kallon ƙasa saboda kunya, amma bakinsa ya kasa shiru. Ya ba shi labarin dila, da lambar da ke baya, da wata bakwai. Ya kunna masa, haske ya kawo, ɗan kiɗa ya tashi.

Alhaji ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ma sha Allah. Abin ya yi kyau ƙwarai."

"Ai naka ne, Baba."

Haka ta fito masa, kamar atishawa.

Alhaji ya ɗago. "Nawa?"

Nan ne Allah ya ba Jamalu ƙofar fita, amma ga mutane a benci suna ji. Ya ce, "Naka ne mana, Baba. Duk abin da ke shagon nan ai naka ne."

"To madalla. Na gode. Allah shi yi maka albarka."

Na dubi Jamalu na ga murmushin ya daskare a fuskarsa. Ni kuma na ga bai kamata a bar dattijo a tsaye yana jiran kayansa ba. Na yi wuf na shiga shago, na naɗe Ɗan Gwal a ƙyallensa, na haɗa da wayar caji da kaset ɗin da ke ciki, na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Alhaji ya zura shi a aljihun babbar riga, ya laluba ɗaya aljihun ya fito da farin goro manya guda biyu ya ba ni.

"Ga tukwicinka, ɗan aike."

Na ɗaga goro sama na ce, "Jama'a, ku shaida, an ba da tukwici."

Duk wanda ya san al'ada ya san idan tukwici ya fita, kyauta ta zauna. Na'ibi ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a ga 'ya'ya masu kyautata wa surukansu. Muka shafa. Amin ɗin Jamalu ko shi kansa ban tsammanin ya ji ta ba.

Da Alhaji ya tafi, Jamalu ya rufe shago ya nufi gida, ni ma na bi shi, don na san Badiyya ta ɗora miyar kuka. Bai ko dube ni ba. Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe, labari ya riga mu isa.

"Maman Nazifa, ki yi wa Allah ki je ki yi wa Baba magana."

"In ce masa me?"

"Ki ce... ki ce akwai taro ranar Asabar."

"Ya san da taro, ni na gaya masa."

"To ki ce kuskure aka yi."

Ta ajiye rariya. "Baban Nazifa, in tashi in shiga motar danfo har Mile 12, in durƙusa gaban mahaifina in ce mijina ya ce kyautar ɗazu wasa yake yi? A gaban na'ibi ka ba shi fa. Shekara goma sha biyu kana ce min talabijin ɗin falo tawa ce, rimot ɗin kuma yana aljihunka har masallaci. Yau dai ka gamu da wanda ya yarda da maganarka. Ka gode wa Allah."

Ya juyo kaina. "Kai kuma, munafuki, wa ya aike ka?"

Na ce, "Yaya Jamalu, ni taya ka alheri na yi. Ga goro ɗaya, mu raba ladan."

Ranar Alhamis da safe ya ce in raka shi Mile 12, zai yi magana da bakinsa. Muka shiga danfo, muka sha cunkoso, muka ratsa ta cikin kwandunan tumatir da caɓi har layin 'yan albasa. Tun daga nesa muka hango taro a rumfar Alhaji. Jamalu ya ɗauka faɗa ake yi. Da muka matsa sai muka ga dattijo a kan benci, tabarau a karan hanci, Ɗan Gwal a hannunsa, lebura sun fi goma sun zagaye shi suna ihu.

"Hagu, Baba! Juya shi! Ga rami nan, saka dogon!"

Kaset ɗin da ke ciki na wasan nan ne da tubala suke saukowa daga sama kana jera su. An zura igiyar ɗinkin buhu a ɗan ramin da ke gefe an ɗaura a wuyan hannun Alhaji. Ɓawon albasa ya manne a bayan, daidai kan lamba. Na ji Jamalu ya riƙe min hannu kamar wanda jiri ya ɗauka.

Alhaji ya tsayar da wasa, aka gaisa. Fuskarsa fal annuri.

"Jamalu, ashe wanga abu lodin tirela ne! In ka bar rami a ƙasa, sama ta lalace. Abin da nike faɗa wa yaran ga kullum ke nan. Jiya da almuru na fara, yanzu babu mai kamo ni a layin ga."

Jamalu ya ce, "Ma sha Allah, Baba." "Baba, dama..."

"Na'am?"

"Dama... ya jikin Hajiya?"

"Ta samu sauƙi."

Jamalu ya gyara zama. Ya sake ɗaura niyya. "Baba, dama cewa na yi... ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Sau uku yana kai wa bakin maganar yana dawowa. A na ukun ruwan sama a Aliero ya tambaya. Alhaji yana kallonsa ta saman tabarau, yana jira, bai taimake shi ba kuma bai hana shi ba. Ƙarshe muka yi sallama, aka cika mana leda da albasa.

Muka shiga danfo har muka wuce Ketu. Can sai Jamalu ya matso kunnena.

"Ana sayar da kesin jabu, wato gangar jikin gem, ruwan gwal a Ikeja. In na sa masa injin wani, na sa haske, na zana lambar, Baba ba zai taɓa ganewa ba. Shi dai tubalansa yake so."

Na ce, "Yaya, ka ga ni, na sa maka barkono a shayi, na ɗinke maka ƙafar wando ranar ɗaurin aurenka. Amma duk abin da na yi maka, a gabanka na tsaya muka yi dariya. Wannan da kake faɗa ba tsokana ba ce, sunanta daban."

"Kayana ne fa!"

"Na ci goronsa. Ba naka ba ne."

Bai saurare ni ba. Ya sauka a Ikeja, ni na wuce gida. Yinin ranar bai karɓi wayar kowa ba, yana cikin shago da sukundireba da darma. Ya aiko in ba shi allurar keken ɗinki zai zana lamba, na ce allurata ba ta aikin ƙarya, ya je ya sayo tasa. Gaskiya dai a faɗe ta, da ya gama ya nuna min, ni ban ga bambanci ba. Hannun mutumin nan abin tsoro ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka koma Mile 12. Na bi shi ne don ina so in ga ƙarshen abin. Muka tarar da Alhaji ya dawo daga masallaci, yana zaune da mutane huɗu.

Jamalu ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo in duba masa batir ne. Irinsu in ba a dubawa sukan kumbura."

"Allah shi yi albarka." Ya kwance igiyar ya miƙa masa.

Jamalu ya zaga bayan tarin buhuna wai yana neman inda babu ƙura. Minti biyar ya fito, ya mayar da igiya a ramin, har ɓawon albasa ya manna a baya. Ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya karɓa. Bai kunna ba. Ya ɗora shi a tafin hannu ya ɗan jijjiga, kamar yadda suke yi wa albasa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya dubi mutanen da ke zaune ya ce su ba shi wuri zai gana da iyalinsa. Na miƙe zan bi su, ya ce, "Kai zauna. Kai ka karɓi tukwici."

Da suka yi nisa ya ce, a hankali, "Jamalu, wanga ba nawa ba ne."

"Baba, shi ne, goge shi kawai na..."

"Kada ka ƙara ta biyu a kan ta farko. Shekara arba'in ina ɗaga albasa a hannu in gaya maka wadda ta sha ruwa da wadda ta bushe, ban yanka ta ba. Wanga bai kai nawa nauyi ba. Kuma nawa kwana biyu ya yi a rumfar ga, warin albasa yake yi. Wanga warin sabuwar roba."

Ban taɓa ganin gumi ya keto wa mutum da sauri irin na ranar ba. Jamalu ya zauna daɓas a ƙasa da sabon wankinsa na Juma'a. Ya sa hannu a aljihu ya fito da Ɗan Gwal na gaskiya, ya ajiye a gaban dattijo.

Alhaji ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci. Ya fito da wata 'yar jakar fata, ja da kore, ɗinkin hannu, an yi ta daidai girman gem ɗin.

"Ka ga wagga? Jiya na kai wa baduku ya auna, yau da safe ya kawo. Niyyata in an sauko Juma'a in sa shi ciki in kai maka har shago, ka tafi taronka da shi. Ni mi zan yi da abin da ɗiyata ta ce wata bakwai ka yi kana wahala a kai? Na karɓa ne don shekara goma sha biyu ina jin kalmar ga a bakinka. Ka ba ni agogo, ka ba ni fanka, ka ba ni babur. Na ce bari yaron ga ya kwana biyu da maganarsa, ya ji nauyinta."

Jamalu ya ce, "Baba, ka yafe ni."

"Jiya ka zo, na ga maganar a bakinka, na jira ka har sau uku. Da ka ce, Baba, na yi kuri, abin nan raina yana kansa, wallahi da nan take na miƙa maka, kuma da girmanka ya ƙaru a idona. Ka ji kunyar roƙona, amma ba ka ji kunyar zagayawa bayan buhuna ba."

Ya ɗauki Ɗan Gwal ya zura a jakar fata, ya ja igiyar bakinta.

"Na yafe maka, duniya da lahira, kuma maganar ga ba ta fita rumfar ga ta bakina. Amma wanga ya zama nawa da gaske." Ya tura masa na jabun da yatsa. "Wancan kuma naka ne. Ɗauka. Ni in na ce naka ne, naka ne."

Jamalu ya ɗauka. Da ƙyar ya ce, "Taron gobe fa, Baba? An buga hotonsa. An rubuta Agege."

"Agege ba ta yi laifi ba. Ku tafi, mai shi zai kawo shi."

Ranar Asabar danfo biyu muka cika daga unguwa, har da mai shayi da na'ibi. Aka ba Jamalu dogon tebur a tsakiyar zaure, ya jera arba'in da shida, ya bar gurbi ɗaya a tsakiya. Mutane suna ta tambaya ina mai ruwan gwal ɗin, yana cewa yana hanya. Wajen sha ɗaya sai ga Alhaji Balarabe ya shigo cikin farar babbar riga da jar dara, jakar fata a hannu, lebura uku suna take masa baya. Yara masu gajeren wando suna matsawa suna ba shi hanya. Ya kwance jaka, ya ajiye Ɗan Gwal a gurbin da hannunsa.

Wata budurwa cikin masu shirya taron ta kawo kati da biro ta ce a rubuta sunan mai shi. Ta miƙa wa Jamalu. Na ga biron ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Sannan ya rubuta: Alhaji Balarabe Mai Albasa, Mile 12. Ya jingina katin da kansa.

Masana suka taru a kai. Wani mai gilashin ƙara girma ya juya shi gaba da baya, ya nemi inda aka yanka ko aka huda bai samu ba, ya kira abokansa su ma suka nema. Ya tambaya da Turanci a wace ƙasa aka yi aikin. Na fassara wa Alhaji. Ya miƙe tsaye, ya dafa kafaɗar Jamalu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Gaya musu a Agege aka yi shi. Surukina ne ya yi. Hannunsa babu irinsa a Ikko."

Na gaya musu, har na ɗan ƙara gishiri. Aka yi ta tafi. Mai shayi ya cire hula yana jujjuyawa a sama. Jamalu yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa, kuma ni kaɗai da dattijon muka san ruwan kala biyu ne.

Da rana aka buɗe gasar jera tubala. Leburorin suka matsa sai Baba ya shiga. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya kori wani ɗalibin jami'a, ya kori wani mai kitso a ka, ya kori wata ma'aikaciyar banki. Duk wanda ya kora sai ya ce masa, "Ka bar rami a ƙasa, ɗana." Saura wasa ɗaya ya ɗauki kofi aka kira la'asar. Ya ajiye ya tafi alwala. Suka roƙe shi minti biyar, ya ce a ba yaron da ya rage su kara da shi. Aka ba yaron kofi, amma hoton da ya zagaya wayoyin mutane ranar na Alhaji ne.

Kafin a tashi wani mai tara irinsu daga Lekki ya ja shi gefe yana so ya saya. Alhaji ya ce, "Kyauta ce surukina ya yi mini. Ba ta sayarwa ba ce."

Da aka fara kwashe kaya na lura Jamalu yana jan jiki, yana goge abin da ya riga ya goge, yana satar kallon dattijo. Na san abin da yake fata. Alhaji ya ɗauki Ɗan Gwal, ya zura a jaka, ya ja igiya, ya sa a aljihu. Ya ce a gaida Badiyya da yara. Ya fita, leburorinsa suka bi shi.

Yau shekara biyu ke nan. Ɗan Gwal yana Mile 12, fentin maɓallansa ya fara gogewa saboda aiki. Duk farkon wata Jamalu yakan shiga danfo da hankicinsa da sukundirebarsa ya je ya duba shi, a kan benci, a gaban mai shi. Idan ya gama ya miƙa, a cika masa leda da albasa ya dawo.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Kada bakinka ya kyautar da abin da zuciyarka ba ta sake ba, don neman a ce kai mai kyauta ne, domin wata rana za ka gamu da wanda zai ɗauki maganarka da gaske. Idan kuma ka riga ka yi kurin, to ka daure ka faɗi gaskiya tun da wuri. Kunyar minti ɗaya ce, kuma sau da yawa wanda kake jin nauyinsa jiranka yake yi ka faɗa. Jamalu bai rasa Ɗan Gwal ranar da ya kyautar da shi ba, domin an riga an ɗinka jakar da za a mayar masa da shi a ciki. Ya rasa shi ne ranar da ya zaɓi dabara a kan gaskiya. Allah ya ba mu hannu mai gwaninta irin nasa, ya kuma sa maganarmu ta zama daidai da abin da ke ranmu.